Tafiyar da Ta Tsaya a Gaweye

A shekarar da na ƙare tez ɗina, wato littafin binciken doktora, sana'ata ɗaya ce: farautar bursi, wato tallafin karatu. Mu da muka gama tare muna da rukuni a waya inda kowa ke jefo sanarwar da ya tsinto. Wannan jami'a tana neman mai binciken ƙasar noma, waccan tana neman mai binciken sauro, wata kuma ta ce kada shekarunki su wuce kaza, ki duba ki ga tun bara kika wuce. Ni kainuwa na karanta, ciyawar nan da ke yawo bisa kogi tana toshe wa masunta hanya. Inna takan ce, "Kainuwa dashen Allah, ke kuma kin ƙarar da ƙuruciyarki kina bin ta da kwalba." Na aika dosiye, takardun nema ke nan, har na gaji. Wasu su amsa da ban haƙuri cikin ladabi, wasu ko ci kanki ba su ce mini ba.

Rannan sai ɗaya ta faɗa. Wata jami'a a ƙasar sanyi ta ba ni bursin bayan doktora na shekara guda, da wurin zama a ɗakin bincike, da ɗakin kwana, da tikitin jirgi. Farfesar da zan yi aiki a hannunta har hoton teburina ta turo mini. Akwai taga a gefensa, bayan tagar wata bishiya mai jan ganye. Na kalli hoton nan har na san inda fentin tagar ya ɗaye.

Ni ce ƴar fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce ni tun ina goye, kuma ba ta yabona gaban mutane. Amma ta sha tambaya a kaina cikin unguwarmu, Boukoki. A gidan suna, a gidan biki, sai an samu mai cewa, "Har yanzu ƴar taki lakwal take, karatun bai ƙare ba?" Wadda ta fi kowa iya wannan tambaya ita ce Hajiya mai turare, maƙwabciyarmu, ƴar Maraɗi, mace mai baki kamar reza. Inna sai ta yi murmushi ta haɗiye. Da na gaya mata an ba ni bursi ba ta yi guɗa ba. Sai dai ta ce gobe za mu fara zagayen sallama.

Na ce, "Inna, fasfona fa yana ofishin jakadancinsu, biza ba ta fito ba tukuna."

"An ba ki tikiti ko ba a ba ki ba?"

"An ba ni."

"To wanda ya ba ki tikiti shi zai rufe miki ƙofa?"

Gaskiya ni ma haka na gani. Mutanen ofishin sun ce mini kwana kaɗan ne.

Sallama a wurinmu ba ɗaga hannu ba ce daga bakin ƙofa. Gida-gida ake bi, ki durƙusa, ki nemi gafara, a yafe juna, a yi miki addu'a, sannan a shiga ɗaki a fito miki da guzuri. Na samu kilishi, na samu cuku daga wata Hajiya ƴar Tawa, da dakuwa, da yaji, da garin kuka, da daddawar da aka naɗe cikin leda bisa leda don kada ta tashi mutanen jirgi. Hajiya mai turare ta ba ni kwalbar turaren wuta ta ce, "Ungo, doktora, ki dinga turara ɗakinki, kada ki dawo mana kina warin littafi." A duk gidan da muka shiga Inna na gefe tana kallon ƙasa, amma ni na san tafiyarta ta canja. Ko takunta a lungu ya fi na da ƙarfi.

Ranar tafiya na yi sammako zuwa ofishin. Mutumin da ke bayan gilashi ya duba, ya ce ba ta fito ba, in ƙara haƙuri. Da na koma gida na tarar tsakar gida cike da mata, liman ya riga ya shafa fatiha, taksi na ƙofa an ɗora akwatina. Na ja Inna ɗaki na gaya mata. Ta zauna bakin gado, hannuwanta bisa gwiwa. Daga waje muna jin dariyar Hajiya mai turare. Wanda ya yi sallama, ya karɓi guzuri, aka shafa masa fatiha, ba ya wayar gari a ƙofar gidansu yana goge baki da asuwaki. Ni na san wannan, ita ma ta sani.

Ta ce, "Ke, shiga mota."

"In je ina, Inna?"

"Gidan Goggonki. Kwana biyu ne, takarda ta fito ki wuce daga can."

Ta fita ta gaya wa mata ba ta son rakiya zuwa filin jirgi, kuka yana sa matafiyi waiwaye. Na shiga taksi ina hawaye na gaskiya, ina ɗaga wa mutane hannu. Muka kama hanyar filin jirgi har muka ɓace wa unguwa, sannan direba ya juya kan mota zuwa bakin kogi.

Goggo yayar mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Ita kaɗai take zaune a wani tsohon gida a Gaweye, mai ɗaki guda a sama da ke kallon ruwa. Da ta ji abin da ya kawo ni ta yi dariya har da tari. "Maraba da mutanen ƙetare! Ya sanyi? Kai, uwarki da dabara, Allah ya shirye ta." Ta ba ni ɗakin sama, ta kafa mini doka: ban da kasuwa, ban da tsallaka gada, ban da leƙen ƙofa in an yi sallama.

Ƙarshen damina ne, kogi ya yi ja ya cika ya batse. Ban taɓa zama na kalle shi haka kawai ba, kullum da kwalba da ma'auni nake zuwa. Yanzu ba ni da aikin da ya wuce kallo. Da hantsi masu wanki su shanya zannuwa a kan ciyawa, bakin ruwa ya koma launi-launi. Kwale-kwale su zo daga sama ɗauke da kabewa, a jere ta a gaɓa. Wani lokaci raƙumi ya bi ta kan gada da kayan tabarmi, motoci na bin bayansa suna ƙorafi, shi ko a jikinsa. Kainuwa kuma tana wucewa tsibi-tsibi, da furenta mai ruwan shuɗi, wani lokaci da farar balbela tsaye a kai an ɗauke ta kyauta. Nakan zaɓi tsibi guda in bi shi da ido har ya shige ƙarƙashin gada.

A hankali na fara zama a garuruwa biyu. In na buɗe hoton teburin nan a waya, na ɗaga kai na dubi tagar Goggo, sai su haɗe mini. Ina ganin kaina na fito da safe a wancan gari, numfashina na hayaƙi, na bi wata hanya mai duwatsu jere, na hau bene, na rataye rigar sanyi bayan ƙofa. Har maƙwabta na yi wa kaina: wata tsohuwa mai kare, da wani mai sayar da burodi wanda ya iya gaisuwa. Rigar sanyin kuwa da gaske ina da ita, a gwanjo na saye ta, mai nauyi, har gwiwa. Wata rana da azahar na saka ta na tsaya gaban taga ina gwada yadda zan gai da farfesa. Goggo ta hawo da kwanon fura ta same ni gumi na zuba. Ta aje kwanon ta ce, "La ilaha illallahu. Yarinya, ko dai in kira mai ruƙiyya?"

Guzuri ma ba mu bar shi ya lalace ba. Da la'asar, in jemagu sun fara fitowa daga bishiyoyi suna ƙetare ruwa, sai mu shimfiɗa tabarma mu kwance ƙulli ɗaya. Goggo ta ce, "Wannan na wa?" In faɗi mai shi. Ta gutsura ta ce, "Allah ya saka mata, ta iya dakuwa," ko kuwa, "Wannan rowa gare ta, dubi kilishi kamar takarda." Ina dariya, amma kowane ƙulli sai ya tuna mini hannun da ya miƙo shi.

Inna na kira kullum bayan magariba. Maganarta gajera ce. "Ta fito?" In ce tukuna. In tambaye ta me take gaya wa mutane, ta ce, "Ina ce musu kina lafiya, kina gaishe su. Ƙarya na yi?" Sai ta kashe.

Kwana biyu suka zama makonni. Jan kogi ya fara washewa, ruwa ya ja baya, masu lambu suka sauko suna gyaran fangali. Farfesa ta ɗaga mini ranar farawa sau ɗaya, ta sake ɗagawa. Daga nan ta rubuto, da kalmomi masu taushi, cewa ba za su iya ci gaba da riƙe wurin ba, an ba wanda ke bi mini, in sake nema baɗi. Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa. Na yi kuka sosai ranar nan, kukan tebur da taga da bishiyar da ban taɓa taɓawa ba. Na ji haushin mutumin bayan gilashi, na ji haushin Inna, na ji haushin kainuwa ma da ke wucewa abinta ba mai tambayarta takarda.

Da Inna ta kira na gaya mata. Ta ce, "Ki ƙara zama, mu ga abin da Allah zai yi."

"Inna, shekara zan cika a saman ɗakin Goggo? In dawo da tsarabar me, kabewa?"

Na ji numfashinta, sannan wayar ta mutu. Na yi da-na-sanin ɗaga mata murya, amma ban san wata mafita ba, ita ma ba ta sani ba.

Bayan ƴan kwanaki, da hantsi, na ji sallama a ƙasa. Tun kafin in gane muryar ƙamshin ya riga ya hawo bene. Hajiya mai turare ce. Na rasa inda zan shiga, har na dubi ƙarƙashin gado. Na ji Goggo na cewa ai ba kowa a sama sai tarkace, na ji Hajiya ta ce, "To bari in gai da tarkacen." Ta hawo tana nishi, tana dafa gwiwa, ta tsaya bakin ƙofa ta dube ni sama da ƙasa.

"Doktora, ashe ƙasar sanyin da matakala ake hawanta."

Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Hajiya, yaushe kika sani?"

"Mai taksin da ya kawo ki, wa kike tsammani ke sayar wa matarsa turare? Tun washegari muka sani, duk layinmu. Muka ce kowa ya kama bakinsa, takarda ta fito yarinya ta wuce, asiri a rufe." Ta zauna bakin gadona ba tare da an ce ta zauna ba. Muryarta ta sauka. "Ba don ke na zo ba. Uwarki ba ta iya ƙarya ba, shi ya sa ta daina fita. Tun da kika tafi ba ta taka gidan suna ba, ba ta je gaisuwar mutuwa ba, ko cefane aike take yi. Ta kulle kanta don kada a tambaye ta ke. Ta rame, ƴar nan. Ni na saba tsokanarta, ban saba ganin ƙofarta rufe ba. Tashi ki ɗauki akwatinki."

Ni ina sama ina kallon ruwa ina jin tausayin kaina, ban taɓa tambayar yadda Inna ke wuni ba. Kunya ta rufe ni, na kasa ɗaga kai.

Muka shiga Boukoki rana tsaka. Mata na ƙofar gidajensu, wasu na tsintar shinkafa, wasu na kitso. Na sunkuyar da kai ina jiran tambaya. Ta farko ta ce, "Sannu da zuwa, ya hanya?" Ta biyu ta ce, "An sha hanya, sannu." Haka har ƙofarmu. Ba wadda ta ƙara ko kalma a kai, ba wadda ta yi dariya.

Inna na ɗaki, zaune kan sallaya. Da gaske ta rame, wuyanta ya fito. Ta dube ni, ta dubi akwatin, ta dubi Hajiya da ke tsaye bayana.

Ta ce, "Sun sani?"

Na ce, "Sun sani, Inna. Tun washegari."

Ta rufe fuska da tafin hannu. Ban san ko kuka take ko dariya ba, kafaɗunta dai na motsi. Hajiya ta ce, "To, sai ki tashi ai, kin bar ni ina zuwa biki ni kaɗai ba wadda zan tsokana." Inna ta share ido da gefen zane, ta miƙe, ta jawo mayafinta daga kan ƙofa.

Ta ce mini, "Ke, matsa in wuce. An yi rasuwa gidan liman tun watan jiya, ban je na yi musu gaisuwa ba."