Akwatin Direba da Alawayyon Yaya

Daga tashar Tambuwal har bakin kasuwar Kebbe babu wanda ya kai ni karanta cikin mutum. In ka zauna gabana ka yi tari sau biyu, zan gaya maka abin da ka ci jiya da wanda kake jin haushi a gidanku. Haka nake faɗa a ofis, haka nake faɗa a teburin mai shayi. Shekarar da aka yi wani wasan talabijin mai dogon zango na sami filin baje wannan baiwa. A shekarar ce kuma yayana ya yi Asabar bakwai yana neman ya gaya mini mutuwa zai yi, ban bar masa wurin sa baki ba.

Wasan na ɓatan wani attajiri ne. Ya fita da safe, aka tsinci motarsa a bakin gada, babu shi babu labarinsa. Kowane mako sai a zagaya da mu cikin gidansa, kowa da abin da yake ɓoyewa. Akwai agogon bango da ya tsaya a ƙarfe huɗu. Akwai wata baƙar akuya da take giftawa ta tsakar gida. Akwai kuma tsohon direban gidan, mutum marar magana, mai akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado da kwaɗo har biyu.

Muna da guruf a waya na masu kallo, ni ne shugaba, ni na naɗa kaina. Wani malamin makaranta daga Sanyinna ya ce agogon yana nufin mutum huɗu ne suka haɗa baki. Wani mai gyaran babur a Jabo ya ce batir ne ya ƙare, muka kore shi na kwana biyu don ya koyi ladabi. Ni na gano cewa duk lokacin da akuyar ta gifta, wanda ke magana ƙarya yake yi. Na rantse na maya cewa direban ne ya kashe maigidansa, kuma shaidar tana cikin akwati. Saƙon muryar da nake turawa a kan wannan, in ka kunna shi a Tambuwal, sai ka kai Sakkwato bai ƙare ba.

Yaya yana Kebbe, a gidanmu na gado, yana noma gero da dawa, da 'yan shanunsa a turke. Ya girme ni da shekara goma. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya tsaya na yi boko, kuma har na yi furfura Auta yake ce mini. Ba shi da talabijin. Duk Asabar sai in je shagon masu tura finafinai a sa mini kashi na makon a waya, in hau babur sai Kebbe. Bayan la'asar mu shimfiɗa tabarma a gindin dogonyaro, in jingina wayar da kwanon sha, matarsa ta kawo tuwo. Ni da ita wasa muke yi tun ranar da aka kawo ta gidan. Ina ce mata Gwamna, tana ce mini Rediyo.

Yanzu in na rufe ido ina ganin komai. Ya yanke bayan takalminsa don ƙafar da ta kumbura ta shiga. Rigar da a da take cika da shi ta koma kamar an rataye ta a ƙusa. Loma biyu yake yi ya tsame hannu, ni kuwa in jawo kwanon gabana, ai babba in ya tsame hannu ƙarami ke sharewa, haka muka taso. Nakan ce, "Yaya, ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi." Shi ke nan, na sauke farali, sai a koma kan akuya.

Asabar ta farko da ya gwada, ina cikin saita waya ya ce, "Auta, akwai maganar da nika son mu yi."

Na ce, "To Yaya, bari a wuce wurin agogon nan, yanzu za ka ga abin mamaki."

Aka wuce wurin agogo, na tsayar da wasan na yi sharhi, na mayar baya don ya ga inda direban ya sunkuyar da kai, na sake sharhi. Kafin in farga rana ta yi ja, hanyar kuma ba ta son duhu. Ina ɗaure hular kwano na ce, "Wace magana ce?" Ya dube ni, ya dubi babur da na riga na tayar, ya ce, "Bari sai ka dawo."

A mako na huɗu aka nuna direban ya cire agogon hannunsa ya ba mai dafa abinci, ya ba mai gadi hularsa. Na danne wayar na miƙe tsaye.

"Toshiyar baki ke nan. Yana sayen shaidu. Gwamna, fito ki ga yadda ake aiki da ƙwaƙwalwa."

Daga madafa ta ce, "Ina ji, Rediyo. Har maƙwabta suna ji."

Yaya ya gyara zama da ƙyar. Ya ce, "Ni ba haka nig gani ba. Wanga mutum bai yi kama da mai sayen kowa ba. Mutum in ya fara raba kayanshi da hannunshi, ya san wani abu na, kuma ya rasa wanda za shi gaya ma."

"To mene ne a cikin akwatin?"

Ya kalli shanu. Ya ce, "Likkafaninshi na."

Na yi dariya har wani maraƙi ya zabura ya tsinke igiya. Na ce masa masu shirya wasa ba sa sayen kwaɗo biyu saboda ƙyalle. Nan take, a gabansa, na danna waya na tura wa guruf cewa ga sabon hasashe daga Kebbe, na dattawa, a taya ni dariya. Aka taya ni. Yaya ma ya murmusa, hannunsa dafe da haƙarƙari. Da zan tafi ya miƙo mini rediyonsa, wanda ya fi shekara ashirin yana rataya shi a reshe in yana noma. Ya ce in riƙe. Na ce, "Wa ka kashe, Yaya, da kake toshe mini baki?" Na ɗaure rediyon a bayan babur ina waƙa.

Mako biyu bayan haka ya kira ni ranar kasuwar Tambuwal, ya ce in sayo masa farin alawayyo da turare kwalba biyu. Na shiga layin masu yadi. Mai shagon yana aunawa ya ɗago kai ya ce, "Rasuwa anka yi?" Na ce babu wata rasuwa, dattijonmu ne yake son ajiya, ka san su, kowane tsoho sai ya ajiye nasa a ƙasan adaka ya yi shekara talatin yana cin tuwo a kansa. Daga nan na tambaye shi ko yana kallon wasan. Yana kallo. Muka yi rabin awa a kan akuya.

Na ɗaure yadin a bayan babur da robar taya. Ledar ta yage a hanya, robar ta bar baƙin layi a gefen ƙyallen. Da na miƙa wa Yaya na ba shi haƙuri, na ce in ya ga dama in mayar a canza. Ya shafa wurin da yatsa ya ce, "Bar shi. Inda za shi ba a dubin wanga." Matarsa ta karɓa ta shige ɗaki, ba ta ce mini Rediyo ba. Na lura da hakan. Na yanke cewa sun yi faɗa ne da safe, har na tsara a raina abin da ya haɗa su.

Asabar ta ƙarshe bai fito gindin dogonyaro ba, a zaure na same shi kwance. Na riƙe masa wayar a saitin fuska. Rabin wasan idonsa a rufe, na ɗauka nazari yake yi. Da aka gama ya kama hannun rigata.

"Auta, ka kwana nan yau."

Na ce ba zai yiwu ba. Gobe za a nuna kashi na ƙarshe, za a buɗe akwati, mutanen guruf za su taru a gidana, in babu ni wa zai yi musu bayani. Na ce Asabar mai zuwa zan kawo masa, ya shirya ba ni haƙuri a gaban Gwamna. Ya saki rigar. Ya ce, "Allah shi kai ka lafiya."

Aka buɗe akwatin. Takardun filayen attajirin ne a ciki, da hularsa mai jini. Direban ne. Na ci. Kwana huɗu ina karɓar gaisuwa, har mai gyaran babur na Jabo ya kira ya ce ya sallama. Ranar Alhamis da hantsi ina ofis, ina tsaye a tsakiyar abokan aiki ina maimaita yadda na gano tun kashi na uku, waya ta yi ƙara. Maƙwabcinmu ne na Kebbe. Ya yi sallama, ya ce in yi haƙuri.

Ban san yadda na yi tafiyar ba. Na tarar an gama wanka. Liman da wani tela suna zaune a zaure suna yaga farin ƙyalle, suna auna shi da kamu. Na durƙusa in taimaka, sai ga baƙin layin roba a gefen da ke hannuna. Na riƙe wurin. Telan ya ja, ban saki ba, sai da liman ya dafa kafaɗata. Da shi aka naɗe Yaya, layin ya faɗo wajen ƙafafu, ina ganinsa har aka sa ƙasa.

A zaman makoki na ji sauran. Tun kafin damina sun je asibiti a Sakkwato, shi da matarsa, aka duba aka ce su koma gida. Ya gaya wa liman. Ya gaya wa maƙwabci. Ya nuna wa surukinsa iyakar gona. Ni ne ya ce zai gaya wa da bakinsa, don akwai abin da yake son ya bar mini wanda ba na aike ba ne. Ba wanda ya san mene ne. Na tambayi kowa.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, na shiga cikin gida. Tana zaune a bakin ɗaki cikin mayafin takaba, carbi a hannu. Na tsuguna nesa kaɗan. Ban iya ce mata Gwamna ba.

Na ce, "Me ya sa bai gaya mini ba? Ko ke, me ya sa ba ki ja ni gefe ba?"

Ba ta ɗago ba. Ta ja ƙwayar carbi ɗaya, ta ja ta biyu.

"Sau fuɗu ina ce mishi in fito in karɓe wayar nan daga hannunka. Yac ce in bar ka, kana da babban aiki gabanka, kana binciken direba."