Gyadar da Hajiya Ta Ƙi Yarda Baƙuwa Ce

Shekarar da aka mayar da ni Faskari aikin malamin gona, duk Juma'a bayan masallaci nake hawa mota in koma gida Kankara. A gidan akwai mahaifiyata, wadda kowa ke kira Hajiya, da matata, da 'ya'yanmu huɗu, da uku na ƙanena. Da kaka ta yi aka kawo gyada daga gona, ɓarar ta ta faɗo kan yaran nan bakwai kowace Asabar da hantsi. Ba su son aikin. Kafin a cika kwano ɗaya wannan ya tafi shan ruwa, wancan ya tuna da wani aikin makaranta da babu shi.

Ni kuwa tun ina ɗalibi ina da kwaɗayin karanta abubuwan ban mamaki da suka faru a da. Wata Asabar na zauna cikinsu a inuwar bishiyar bedin tsakar gida, na ja tire, na ce duk wanda hannunsa ya tsaya, labari ma ya tsaya. Na ba su labarin raƙumin dawar da wani mai mulkin Masar ya aika wa sarkin Faransa kyauta. Da aka sa shi a jirgin ruwa sai da aka huda rufin don wuyansa ya samu wurin fita. Da aka sauka kuma babu motar da za ta ɗauke shi, ya taka da ƙafa fiye da wata guda zuwa babban birni, shanun da ake tatsar masa madara suna tafe tare da shi, an kuma ɗinka masa rigar ruwa saboda sanyi. Autata, mai shekara biyar a lokacin, ta tambaye ni ko telan tsani ya hau ya auna wuyan. Na ce littafin bai faɗa ba. Ta ce lallai tsani ya hau.

Ran nan buhu guda suka ɓare.

Mako na gaba na ba su na sojojin Ostareliya da aka tura da manyan bindigogi su yaƙi wasu tsuntsaye masu kama da jimina da ke cinye alkamar manoma, tsuntsayen suka dinga watsewa suna sake haɗuwa har sojojin suka gaji suka koma. Hajiya tana gefe kan tabarmarta tana tsince wake, ta juya mana baya kamar ba ta ji. Sai da na gama ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, ita dai a saninta ba a tatsuniya da rana. Na ce wannan tarihi ne, ya faru. Ta ce to Allah ya kyauta, amma na lura tsintar waken ba ta ƙarewa sai labarin ya ƙare.

Rigimar ta taso ne ranar da na ɗaga ƙwayar gyada na ce wa yaran ita ma baƙuwa ce a ƙasar nan. Daga wata nahiya can ƙetaren teku aka kawo ta, ita da masara da rogo da tumatir da barkono, kuma akwai zamanin da kakannin kakanninmu ba su taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba. Nan Hajiya ta aje faifai ta juyo gaba ɗaya.

"Kai, mi kake faɗa ma yaran nan? Ubana gyada ya noma a Yargoje, ubanshi ma ita ya noma. Yau kai za ka ce mani baƙuwa ce?"

Na sassauta murya na ce ina nufin tun kafin su, da nisa ƙwarai. Ta tambaye ni to da me aka yi miya, da ruwa? Na lissafa mata kuka da kuɓewa da yakuwa da daddawa, na ce yajin kuma masoro ne da citta, a madadin gyada akwai kwaruru. Ta ce boko ya koya mani raina iyaye, ta tattara tabarmarta ta shige ɗaki. Matata ta harare ni daga bakin murhu. Na koma Faskari ranar Litinin ina jin da na yi shiru.

Juma'ar da ta biyo baya na tarar da Hajiya durƙushe gaban dutsen niƙan da aka daɗe da jinginewa bayan rumbu, tana niƙa masoro da hannunta. Matata ta raɗa mani cewa tun Talata Hajiya ta sa aka kira mata yayarta da ke aure a Sabuwa, wadda muke kira Inna, suka daɗe a waya. Inna ta tuna mata cewa kakarsu har ta rasu ba ta yarda an sa mata tumatir a tukunya ba, wai abin 'yan zamani ne mai tsinka miya. Hajiya ta ce ita ma yanzu ta tuna.

Tuwon gero ta yi mana da miyar kuka, ba barkono, ba tumatir, ba dunƙulen ɗanɗano na kanti. Ta tara jikokin ta ce su ci su ji abin da kakar kakarsu ta ci. Yajin masoro daban yake, ba ya ƙona harshe, can maƙogwaro yake sauka ya yi ɗumi. Babban ɗana ya ci ya ƙara. 'Yar ƙanena ta ce kamar magani, ta kuma cinye. Hajiya ta dube ni ta ce ta ba ni gaskiya kan tumatir, barkono ma tana tunani a kai, amma gyada tamu ce, kada in sake. Na ce na ji, Hajiya.

Ana cikin wanke hannu sai ta ce tunda abin na labaran da suka faru ne, ita ma tana da nata. Tana yarinya ƙarama, babansu ya zo da ita da Inna cin kasuwar Kankara a kan jaki. Wani mai kanti da ya sayo firji mai aiki da kananzir ya ba ta gutsuren ƙanƙara. Ta san ta ruwan sama tana narkewa, amma ta ɗauka wannan tunda mutum ne ya yi ta, kamar alewa take. Ta lasa sau biyu, ta ƙulle sauran a bakin ɗankwalinta don ta kai wa mahaifiyarsu. A hanya barci ya ɗauke ta, Inna ta riƙe mata ɗankwalin. Da suka isa Yargoje ta kwance ƙullin, babu komai sai danshi. Ta faɗi ƙasa tana birgima, wai Inna ta shanye ta bar mata yawu. Kwana uku ba ta yi mata magana ba.

Yaran suka yi dariya har auta ta ƙware. Da suka natsu babban ɗana ya tambayi Hajiya ko ta taɓa ba Inna haƙuri. Ta ce ita dai ba ta tuna ba. Suka matsa sai a kira Sabuwa yanzu. Na buga, na buɗe muryar wayar kowa ya ji. Bayan doguwar gaisuwa Hajiya ta yi gyaran murya ta ce:

"Yaya, ƙanƙarar nan ta kasuwa, ashe ba ke kika sha ba. Ki yafe mani."

Inna ta ce ta yafe, duniya da lahira, amma tunda an zo maganar gaskiya, ita ma ta ɗan kwance ƙullin a hanya ta lasa sau ɗaya. Hajiya ta buga cinya ta ce dama ta sani, shekara da shekaru ta sani.

Bayan ƙaramar Sallah Inna ta zo Kankara da kanta, ta ce ba za a bar jikoki da bakin mutum ɗaya ba. Kwana tara ta yi mana. A nata labarin jakin ba na babansu ba ne, aro aka yi, kuma Hajiya ba barci ta yi a hanya ba, kuka ta yi tun daga kasuwa don an hana ta ɗaukar ɗan akuyar wani. Hajiya ta musa, Inna ta rantse, yaran suka rabu gida biyu. Ni da matata muka zauna daga gefe muna sauraro, babu wanda ya nemi jin ta bakina.