Ni Na Ce wa Malam Sale Ya Cike Saƙon

'Ya'yana da jikokina, ku matso ku ji. Ni ban taɓa riƙe biro ba, faɗa nake ana rubuta mini. Kuma ba tatsuniya ba ce, rayuwata ce.

A Sundimina aka haife ni, a Birnin Kudu na tsufa. Bayan rasuwar maigidana na kafa tukunya a bakin tasha, shinkafa da wake, mai da yaji. Ƙarshen wata malaman makarantun ƙauyukan Gwaram kan zo cirar albashi, su biyo wurina su ci. Inna suke ce mini. Abin da na faɗa ya zauna, ba a zargin tsohuwa.

Sai wani mutum mai kwamfuta a jaka ya fara zama a bencina, ana ce masa Injiniya. Kullum ya bar mini canji. Daga canji sai atamfa, daga atamfa sai buhun shinkafa. Ran nan ya ce, "Inna, ara mini babban yatsanki a buɗe miki asusu a banki." Na dangwala. Ya ce in riƙa karɓar masa sunayen malamai da lambobinsu da adireshinsu na imel, wai tallafi zai nemo musu. Zuciyata ta ce ba haka ba ne. Na ce mata ta yi shiru.

A lokacin ba abin da ma'aikaci ke tsoro kamar tantance ma'aikata, don wanda sunansa ya faɗi, albashinsa ya tafi. Injiniya ya san haka. Ya tura wa malaman saƙon imel da tambari irin na ofis, wai duk wanda bai latsa ya shiga wani shafi ya sabunta bayanansa kafin Juma'a ba, za a ɗauke shi ma'aikacin bogi. Kana shiga a nemi lambar sirrinka. Kana bayarwa ya karkatar da albashinka zuwa asusuna.

Malam Sale shugaban firamare ne a Dingaya, mutum mai kunya, kowa ya yarda da shi. Ya zauna da kwanonsa yana duban waya, ya ce, "Inna, saƙon nan bai kwanta mini ba. Adireshin da ya turo shi ba irin na ofishinmu ba ne. Zan bari sai Litinin in je in tambaya."

Na ce, "Haba Malam, duk waɗanda suka ci abinci yau sun cike. Kai za ka kwana da iyali a yunwa saboda taurin kai?"

Ya yi dariya ya ce, "To, tunda Inna ta faɗa." Ya cike. Don tausayi kuma, ya tura wa malaman da ke ƙarƙashinsa, kada a bar su a baya.

Wata ya ƙare, wayar malamai ba ta yi ƙarar shigar albashi ba. Injiniya ya kwashe ya ɓace. Yatsana ne ya kawo 'yan sanda ƙofata. Malamai kuwa suka ce ai Malam Sale ne ya turo musu, da shi aka haɗa baki. A kotu alƙali ya tambaye ni ko da hannunsa. Na ɗauka in laifi ya rabu biyu nawa zai ragu. Na sunkuyar da kai, ban ce a'a ba. Kotu ta ɗaure ni, shi ta sallame shi, amma aka kore shi daga aiki, gari kuma bai wanke shi ba.

A gidan yari na yi kuka har idona ya fara dushewa. Na roƙi Allah abu ɗaya: ya bar ni in fito in wanke bawan nan.

Ranar da aka sake ni ban je gida ba, motar Gwaram na hau. A Dingaya na tarar da matarsa tana sussuka. Ta ce, "Malam ya rasu bara." Na durƙusa na ce ba shi da laifi, zan faɗa a gaban kowa. Ta dube ni ta ce, "Mu mun sani, Inna. Shi ne ya so ya ji."

Na faɗa a ƙofar mai unguwa duk da haka. Na tuba, ina kan tuba.

Ku yara, kada ku ara wa kowa yatsanku ko asusunku, ko da buhu nawa ya zo. Ku masu albashi, saƙon da ya zo da gaggawa da barazana, yana neman lambar sirri, ku dubi wanda ya turo. Kada ku latsa, kada ku tura wa wani. Ku taka da ƙafarku zuwa ofis ku tambaya. Ko tsohuwa mai furfura ce ta ce ku yi sauri, ku bari sai Litinin.