Gwaggo da Babbar Kalmar Sirri

Gwaggona ba ta san yafiya ba, ni kuwa ban taɓa ganin laifinta ba. Tun tana budurwa take buga wa mutane takardu, daga tafireta har aka zo kwamfuta, a wani ɗan shago mai benci ɗaya da fanka mai tari. Mijinta ne ya haɗa mata kwamfutar. Ya ba ta sunan shiga irin na kowa, shi ya riƙe babbar kalmar sirri, wadda sai da ita ake sa abu ko a cire. Da ya rasu, kalmar ta faɗa hannun ƙaninsa, wanda ya raɗa wa kansa Injiniya.

Injiniya shagon yake so, kowa ya sani. Wata safiya Gwaggo ta sa sunanta, allo ya yi baƙi ƙirin, ya dawo yana tambayarta suna. Ta sake, ya sake. Ga mutane cike da benci.

"Yaya, kin lalata ta," in ji Injiniya a gaban kowa. "Ki koma gida ki huta haka nan, ni zan riƙe wurin."

Gwaggo ta miƙe. Ta naɗe wayoyi, ta ɗora kwamfuta a ka, sai wurin mai gyara.

Mai gyara ya soka filashinsa a jikin kwamfutar, ya shiga cikinta ta ɓarauniyar hanya, ya yi dariya. "Mama, lafiyarta lau. Wani ne ya buɗe allon da ikon babba alhali yana cikin sunanki. Akwai ɗan fayil da ke ba ki izinin shiga, shi ne ya koma mallakin babban." Layi ɗaya ya rubuta ya maido fayil ɗin sunanta, allo ya washe.

"Da gangan aka yi?"

"Yawanci dai garaje ne."

"Ban tambaye ka yawanci ba. Ka mai da ni babbar."

"Shi kuma in goge shi?"

"Haba ɗan nan, ƙanin mijina ne fa. Bar shi ya ɗanɗana zaman ƙarami."

Washegari Injiniya ya zo sa wata manhaja, ya buga kalmarsa, kwamfuta ta ce ba ta san zancen ba. Ya buga har gumi ya keto masa. Wallahi daɗi ya kusa kashe ni. Can ya waiwayo, murya ƙasa-ƙasa: "Yaya, taimaka ki sa min."

"To, juya ka kalli bango."

Ya dubi mutanen benci, suka dube shi. Ya juya.

Har yau haka ake yi duk ran da buƙata ta kawo shi. Matar da ke cika shafi kafin ka gama gaisuwa, da yatsa ɗaya take buga kalmar nan, a hankali, tana tsayawa ta tambayi kowa ya mutanen gida.