Shinkafar Baba Manga Uku

Duk Majidaɗi an san Baba Manga da wani littafi mai bangon kwali, na kalmomin Japananci, wanda ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba. Yana saurayi ya yi shekara huɗu yana tuƙa wani Bajapane, masanin noman shinkafa, zuwa fadama. Mutumin ba ya koyar da kalma da baki kawai. Sai ya ɗora masa abin a tafin hannu, ya dunƙule masa yatsu, sannan ya faɗi sunan. Haka Manga ya san cewa abin da mu da Turawa muke kira da suna ɗaya, su suna uku suka ba shi. Tana tsaye a gona, ine ce. An casa an sheƙe, okome. Ta dahu a kwano, gohan.

Da zai koma gida, ubangidan ya ce zai aiko masa da takardar gayyata. Shekara talatin da biyar ke nan takarda ba ta zo ba, fasfo biyu sun mutu a akwatin Manga.

Sai ga Nehemiya, ɗan maƙwabcinsa, malamin gona wanda Japanancinsa bai wuce na waya ba, an zaɓe shi kwas na wata shida a Japan. Ranar nan tsohon ya ture kwanon tuwonsa gefe. Hassada ce tsagwaronta, kada ma mu tsaya yi mata kwaskwarima.

Ana jibi tafiya Nehemiya ya shigo da ɗan buhun shinkafar da zai kai tsaraba.

"Baba, na tambayi waya sunan shinkafa, ta ba ni kalma uku. Wacce zan rubuta a buhu?"

"Gohan," in ji Manga, ko ƙifta ido bai yi ba. So yake a yi dariya a can, a ce ga wanda ya kira ɗanya dafaffiya.

Nehemiya ya rusuna ya yi godiya. Ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Zan faɗa musu Baba Manga ne ya koya mini."

Sai tsohon ya ga ashe da sunansa za a yi dariyar.

"Kai, dawo nan!"

Ya kwance bakin buhun, ya zuba masa ƙwayoyi a tafin hannu, ya dunƙule masa yatsu da ƙarfin da ya wuce kima.

"Okome. Maimaita. Kuma in ka je, ka faɗi sunana daidai."

Nehemiya ya fita yana yarfe hannu. Baba Manga ya zauna yana tsince ƙwayoyin da suka zube a tabarma, yana jin haushin sunansa da zai je Japan ya bar shi a Majidaɗi.