Ciyawar Ragar Gabas

Shekara ashirin da shida Malam Ladan ya yi yana kula da filin ƙwallon ƙungiyar Taurarin Limawa, kuma bai taɓa buga wasa a cikinsa ba. Aikinsa ciyawa ne. Ya ba ta ruwa, ya aske ta, ya tsince ƙaya da tsakuwa, ranar wasa kuma ya ja igiya ya zuba farar ƙasa a kan layi. Kakansa daga Katsina ya zo Minna aikin jirgin ƙasa, ubansa ya yi ɗinki a Limawa, shi kuwa ya kama aiki a filin tun yana jar ƙasa fetal, lokacin da ɗan wasa in ya faɗi sai ya tashi da gwiwa a saɓule.

Ciyawar ba saye aka yi ba. Kirikiri ce, mai rarrafe, wadda in ta kama ƙasa ba ta saki. Daga wata fadama a Kuta aka kawo ta, garin su matarsa Zulaiha. A daminar farko da aurensu ta je ganin gida, ta dawo da daro cike da jijiyoyin kirikiri an lulluɓe da jiƙaƙƙen zane, don ta gaji da jin yana ƙorafin filin. Ita da kanta ta durƙusa ta dasa gaban ragar gabas, tana tona rami da tsohon cokali. Daga wannan wuri Ladan ya riƙa yanka yana dasawa, damina bayan damina, har filin ya rufe. Zulaiha ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Tun daga nan, in ya zo da safe, ragar gabas yake fara ba ruwa.

A watan Maris na bana ƙungiyar ta fara gyaran da aka daɗe ana magana: sabon wurin zaman 'yan kallo, ɗakin sauya kaya, da ciyawar roba a babban fili. A bayansa kuma aka share wani fegi da za a mai da shi filin atisaye. 'Yan wasa aka kwashe su zuwa Jos na wata biyu. Likitan ƙungiya ya ce can ƙasar tudu ce, iskarta ba kauri, wanda ya saba gudu a cikinta in ya sauko Minna ba zai yi saurin haki ba.

"Mu a zamaninmu dutsen Paida muke hawa, da garin rogo kawai a cikinmu," in ji Noah. Tsohon golan ƙungiyar ne, mutumin kudancin Kaduna, yanzu keke mai ƙafa uku yake ja tsakanin Ketaren Gwari da kasuwa. Shekara tara ya yi yana faɗuwa a kan ciyawar Ladan, kuma ya san wadda ta dasa ta. "Baba Ladan, an ce ranar Litinin katafila za ta shigo. Ka yi wa injiniya magana?"

"In ce masa me? In ce ya tsai da aikin mutane saboda ciyawa?"

"Ka ce masa ta Mama ce."

Ladan ya juya ya ci gaba da naɗe tiyo. Ba ya iya faɗin wannan ga baƙo. Aikinsa ba a taɓa shi ba, an ce zai riƙa share robar yana kula da ƙofa. Amma ranar Litinin za a kankare kirikirin a zuba a tifa, a kai juji.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci injiniyan ya zo da na'urar awo. Saurayi ne dogo, da hular kwano. Ladan ya tsaya nesa yana kallo, har ya ji wani lebura ya kira shi: "Oga Tsado!"

Sai Ladan ya gyara tsayuwa. Wannan sunan Nufawa ne, ashe Banufe ne. Tsakanin Katsinawa da Nufawa akwai wasa tun kakanni, kuma abin da mutum ba zai iya roƙa ba, yana iya karɓarsa da tsiya.

"Kai, Banufe! Wa ya ba ka izinin taka gonar ubangidanka da wannan takalmi?"

Tsado ya ɗago, ya dube shi sama da ƙasa, ya yi murmushi. "Baba, kar dai Bakatsine ne? Shi ya sa na ga filin a karkace."

"Kifi ya cika maka ido, ina za ka ga daidai? Ka zo ƙasar mutane ko gaisuwa babu, kana shirin kwashe mini dukiya."

"Wace dukiya? Abincin awaki?"

"Abincin awakin nan ya girme ka. Tarar rashin gaisuwa: gaban ragar can nawa ne. Taku goma sha takwas a tsaye, goma a kwance. Ba mai taɓa shi sai na kwashe."

Tsado ya yi dariya, amma da ya ga idon dattijon sai dariyar ta ragu. Ya dubi ragar, ya sake dubansa. Bai tambayi dalili ba. Ya ce katafila za ta fara daga yamma, ba za ta iso gabas ba sai Laraba. Fegin atisaye kuwa ba a riga an yanke abin da za a shuka a ciki ba, in Baba yana so ya dasa a can, bismilla.

"Amma Baba, a wannan zafin? Ko ni da ba manomi ba na san ba a dashe a bazara. Kuma za mu cire famfon rijiyar burtsatse, sai an gama gini."

"Kai dai ka tsaya ga awonka," in ji Ladan.

Gaskiyar Tsado ce, kuma Ladan ya fi shi sanin haka. Bai taɓa dashe ba sai ƙasa ta sha ruwan sama sau uku. Yanzu kuwa rana tana dukan Minna har kwalta na laushi.

Kwana huɗu ya yi yana yanka ciyawar da fartanya, fale-fale kamar tafin hannu biyu, da ƙasarta a jiki. Noah ya ajiye fasinja ya riƙa jigila. 'Yar Ladan, Sakinatu, malamar firamare, ta zo ranar Asabar da daron nan na mahaifiyarta, wanda gindinsa ya sha faci. Ta cika shi ta ɗora a ka. Suka dasa a layi-layi, suka rufe da ƙaiƙayin shinkafa da tsofaffin buhuna don rana kar ta ƙona jijiyar.

Sai batun ruwa. Kullum da hantsi da kuma bayan la'asar Noah yana kawo jarka takwas daga rijiyar cocinsu a Ketaren Gwari. Ladan ya huda gindin gwangwani yana yayyafawa, don kar ruwan ya tafi a banza.

"Kekena ya koma na 'yan ga-ruwa," in ji Noah. "Jiya wata mata ta tare ni tana tambayar jarka nawa."

"Da ka riƙa tare ƙwallo kamar yadda kake tare bakin mutane, da mun ci kofi."

A mako na biyu ciyawar ta koma ruwan ƙasa. Ladan ya ɗaga buhu ya duba, ya mayar. Ranar bai ci abincin da Sakinatu ta aiko ba. Leburori suka daina yi masa barkwanci. Washegari da ya iso sai ya tarar da tankar da ke kawo ruwan kwaɓa siminti ta tsaya a bakin fegin, direba yana jiran a nuna masa inda zai zuba. Tsado yana can nesa, ya duƙufa a kan takarda kamar bai san da zancen ba.

"Banufe, satar ruwa kuma ka koma?"

"Ragowa ce, Baba. Mu mutanen kogi ba ma rowar ruwa."

Kwana ashirin da uku bayan dashen, hadari ya haɗo daga gabas da azahar, aka yi ruwan farko. Ladan bai fake ba. Da aka ɗauke ya cire takalmi, kamar yadda ya saba, ya bi layukan yana taka ƙasa a hankali. Fiye da rabi sun mutu. Amma a layi na uku ya durƙusa, ya kawar da ƙaiƙayi da yatsa, ya ga jijiya ta miƙe ta kama sabuwar ƙasa, da ɗan kore a bakinta. Ya bi layin, ya sami wata, ya sami wata.

'Yan wasa sun dawo daga Jos a ƙarshen Mayu, sun rame, suna gudu ba haki. Suka tarar da babban fili shar da roba, fegin baya kuwa tsibi-tsibin kore a cikin jar ƙasa, an kewaye da igiya. Sabon golan ya tambaya yaushe za a fara atisaye a nan.

"Sai ta rufe," in ji Ladan. "Damina biyu, in Allah ya kai mu."

Ya ɗauki gwangwaninsa ya nufi gefen gabas.