Akwatin Gudu

Har yau in na ji ƙamshin kafur sai na waiga na duba ƙofa. Kada ka ga laifina, gado na yi.

Bayan tashin hankalin da aka yi a Kafanchan a 1987, Mama ta sayo akwatin ƙarfe ta tura ƙarƙashin gado, makullin kuma ta ɓoye a gindin randa. Akwatin gudu take ce masa. A ciki akwai takardunmu na baftisma, da sukari, da madarar gwangwani, da kafur, da atamfa sabuwa fil wadda Baba ya saya wa Kaka, uwarsa. Mama ta ce ba za a ɗinka ba, wa ya san gobe? Tun daga nan kowa ya zama abin zargi. Mai kananzir ya cika leƙen tsakar gida. Mai gyaran takalmi ya cika tambaya.

Mutum ɗaya ce ta rage mai shigowa har ɗaki, maƙwabciyarmu mai ƙosai, Bahaushiya, wadda kakanninta ma a garin aka haife su. Ita ta yanke mini cibiya. Da Sallah takan aiko mana da tuwon shinkafa, da Kirsimeti mu mayar mata da kwanonta cike da cincin.

Bayan shekara uku sai sukarin akwatin ya fara raguwa, madara ta bi baya. Ran da atamfa ta ɓace, da mai ƙosai ta yi sallama, a bakin ƙofa Mama ta tare ta, suka gaisa a tsaye. Sau uku aka yi haka, ba ta ƙara zuwa ba. Ni ma in ta ce "'yata" a hanya sai in kau da kai. Ina jin kunyar wannan har yanzu.

Lahadin godiya a coci, bayan an haƙe citta, sai ga Kaka cikin layin zumuntar mata tana rawa da doya a ka, atamfar nan a jikinta har da ɗankwali.

Da muka koma gida Mama ta ce, "Kaka, kayan gudu ne fa!"

"Ni ne ya ɗauka, sukarin ma ni ne ya sha," in ji Kaka da irin Hausarta. "In an kore mu, da ƙafa zan gudu, ba da zani ba. Je ki ba mai ƙosai haƙuri yau."

Mama ta ce sai gobe, in hankali ya kwanta. Goben nan ta ci shekara biyu. Da aka sake rikici a wajen Zangon Kataf, wata safiya mota ta kwashe mai ƙosai da iyalinta zuwa Zariya. Mu kuwa ko taku ɗaya ba mu taɓa gudu ba.

Yanzu gidana katanga ce har da waya a sama, kuma ban yarda da mai awon mita ba. Kwanon mai ƙosai da ba mu mayar ba yana wurina. Duk Kirsimeti nakan wanke shi, amma ban san inda zan kai shi ba.